Arlit: an karɓe mahaƙar yuraniyom, saura makomar makaɗa da masu shirya fim

Tun da hukumomin Yamai suka ba da sanarwa, a watan Yunin 2025, cewa kamfanin Somaïr ya koma hannun ƙasa ɗungurungum, hirar da ake yi a kowace fada ta Arlit da Akokan ba ta wuce tambayoyi uku: wa zai sayi ƙarfen yuraniyom ɗin, ta wace hanya zai fita, kuma shin albashi zai ci gaba da zuwa a kan kari? Tambayoyi ne masu nauyi, domin a kan albashin nan garin ya tsayu tun farkonsa. Kamfanin Orano na Faransa, wanda ke riƙe da kashi 63.4 cikin ɗari na Somaïr kafin wannan mataki, ya kai maganar gaban kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya, kuma ba yau za a gama shari'ar ba.

Amma akwai wani arziki da yankin nan ya daɗe yana fitarwa waje, wanda ba a auna shi da sikeli, ba a kuma zuba shi cikin durom a kai tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Shi ne kiɗa da fim. Mutumin Landan ko New York da bai taɓa jin sunan Somaïr ba, yana iya sanin sunan Mdou Moctar ko Bombino. Idan aka bi rayuwar waɗannan masu fasaha ɗaya bayan ɗaya, za a ga hanyarsu ta yi kama ƙwarai da ta ƙarfen: a nan ake samun su, a waje ake tace aikinsu, a waje ake sayar da shi, abin da ke dawowa gida kuma kaɗan ne. Yanzu da ƙasa ta ce ta karɓi ragamar abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ya dace a tambayi makomar waɗanda ke bisa doronta suna kiɗa, suna wasa, suna ɗaukar hoto.

Albashin da ya gina dandali

An kafa Somaïr a 1968, ya soma fitar da ƙarfe a 1971. Cominak ya biyo baya a Akokan, an kafa shi a 1974, ya soma aiki a 1978. Kafin nan wurin fili ne na makiyaya. Cikin shekaru kaɗan sai ga gari ya tashi a tsakiyar hamada, ya tara Abzinawa, Hausawan Tawa da Maraɗi da Damagaram, Zabarmawa, Fulani, Barebari da Tubawa, ga baƙi daga ƙasashen bakin teku, ga Turawa. Hausa ta zama harshen kasuwa da na tasha. Garin kuma ya rabu biyu: unguwannin kamfani masu lantarki da ruwan famfo da kantuna da gidajen shaƙatawa, sai kuma unguwannin da suka kewaye su, waɗanda sunansu kaɗai ya isa bayani, Bukkoki.

A irin wannan gari, makaɗi ba ya rayuwa da sayar da faifai. Da biki yake rayuwa. Ma'aikaci ya karɓi albashi, ya yi aure ko ya aurar da ƴa, ko matarsa ta haihu a yi suna, sai a kira makaɗa, a yi hayar lasifika da janareta, ƴan uwa su yi liƙi. Tela ya samu, mai hoto ya samu, mai ganga ya samu. Kuɗin kamfani bai taɓa zuwa hannun makaɗi kai tsaye ba, sai ya bi ta aljihun ma'aikaci.

A matakin ƙasa ma haka abin ya kasance. Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ne ya ba gwamnatin Seyni Kountché sukunin gine-gine, a lokacin da ƙungiyoyin Samariya ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, jaha da jaha. Waɗanda suka ga zamanin suna tuna shi da kewa, kuma suna da hujja. Sai dai kada a manta, dandali ne na gwamnati, ita ke zaɓar abin da za a rera. Da farashin ƙarfen ya faɗi a farkon shekarun 1980, dandalin ya soma zaizayewa tare da shi.

Abdallah Oumbadougou: malamin da ya dawo gida

Duk wanda zai ba da tarihin jita a Abzin, da Abdallah Oumbadougou zai fara. An haife shi a farkon shekarun 1960, ya shiga sahun samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1980. A can ya kafa ƙungiyar Takrist n Akal, sunan da ke nufin gina ƙasa. Lokacin tawayen shekarun 1990 waƙoƙinsa sun zama saƙo, hukuma kuma ta haramta su. Waɗanda muka tashi a wancan lokaci mun tuna yadda ake kwafar kaset daga rikoda zuwa rikoda har sautin ya dushe, ana miƙa shi hannu da hannu, ba suna a jiki.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, Abdallah ya fito fili. Amma da ya tashi ɗaukar faifai na sosai, Anou Malane, sai da ya je Kwatano, domin a can sitidiyon yake. Bayan shekara goma kuma ya haɗu da wasu makaɗan Faransa suka yi aikin Desert Rebel, wanda ya haɗa faifai da fim na François Bergeron, ya kai shi dandamalin Turai.

Abin da ya bambanta Abdallah da saura shi ne abin da ya yi da sunan da ya samu. Ya buɗe makarantun koyon kiɗa a Arlit da Agadas, don yaro ya samu jita ta gaske a hannu da wanda zai nuna masa yadda ake riƙe ta. A garin da aka haƙo dubban tan na ƙarfe mai tsada, makaɗi ne da ƙungiyarsa da abokansa na waje suka ɗauki wannan nauyi. Ya rasu a watan Janairun 2020, wata kaɗan bayan wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da Anou Malane ga duniya. Wato faifan da aka ɗauka a Benin, a Amurka aka farfaɗo da shi.

Mdou Moctar: daga Arlit zuwa Sakkwato, daga katin waya zuwa Amurka

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan asalin jahar Tawa ne da ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit. Ya sha faɗa cewa kiɗan Abdallah ne ya ja hankalinsa. Gidansu ba su son harkar kiɗa, don haka ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

Matakin farko na sana'arsa ya kamata ya ba mai karatu Bahaushe sha'awa. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar. Sitidiyon irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa ne, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da ganga ta kwamfuta. Sai aka samu waƙar Tamajaq cikin rigar kiɗan Kano. Faifan bai shiga kanti ba. Ta Bluetooth da katin memori ya yaɗu, daga waya zuwa waya, har ya ƙetara zuwa arewacin Mali. Dubban mutane sun saurare shi, mai shi bai ga ko dala ba.

A Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar cikin wayoyin jama'a. Ya sa ta cikin tarin waƙoƙin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, ya kuma bi sawun mawaƙin har ya gano shi. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2015 suka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas, Mdou ne jarumi, labarin kuma an gina shi a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sunan ya yi tsawo ne saboda Tamajaq ba ta da kalma guda ta wannan launi, sai aka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Ana lissafa shi a matsayin cikakken fim na ƙagaggen labari na farko da aka yi da harshen Abzinawa. Kuɗin yin sa kuwa, ta intanet aka tara daga masoya na ƙasashen waje.

Bayan shekara biyu abokin kiɗansa Ahmoudou Madassane ya fito jarumi a fim ɗin Zerzura, shi ne kuma ya tsara kiɗan fim ɗin. Wannan ya nuna cewa a yankin nan makaɗi da ɗan wasa da mai tsara kiɗan fim sau da yawa mutum guda ne, domin babu kasuwar da za ta ciyar da mutum uku.

Yau Mdou yana tare da kamfanin Matador na New York, wanda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. A faifan na biyun, da kuma hirarrakinsa, bai ɓoye fushinsa ba game da yadda aka kwashi yuraniyom shekara da shekaru alhali ƙauyuka na cikin duhu. Da kuɗin rangadinsa yana haƙa rijiyoyi a karkara. Amma a duba jerin wuraren da sana'arsa ta yi tsalle: Sakkwato, Kidal, Portland, New York. Arlit ta ba shi kunne da sha'awa, sauran duk a waje ya samo.

Labarin Bombino bai sha bamban ba. Tawayen 2007 ya kore shi zuwa Burkina Faso bayan an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, a lokacin da hukuma ke kallon jita tamkar makami. Fim ɗin wani Ba'amurke, Ron Wyman, mai suna Agadez, the Music and the Rebellion, shi ya fito da shi duniya, har faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar lambar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar. Ƙungiyar Etran de L'Aïr kuwa ta shafe sama da shekara ashirin tana kiɗan biki a unguwannin Agadas kafin faifanta na farko ya fita a 2018, shi ma daga Amurka.

Kyamarar da ta kalli garin

Finafinai biyu ne suka fi sanar da duniya halin Arlit. Na farko shi ne Arlit, deuxième Paris na 2005, wanda ɗan ƙasar Benin Idrissou Mora-Kpai ya shirya. Ya nuna garin da aka taɓa yi wa kirari da Paris ta biyu ya koma zango na masu jiran motar Aljeriya, da tsofaffin ma'aikata masu fama da ciwo suna tambayar abin da ya same su.

Na biyu ya fi kusa da gida. Amina Weira ƴar garin ce, mahaifinta ya yi shekara 35 yana aiki a mahaƙa. Ta yi karatun harkar fim a Yamai da Saint-Louis ta Senegal, ta dawo ta ɗauki La colère dans le vent, wanda ya fito a 2016. Ta zaunar da mahaifinta da tsofaffin abokan aikinsa suka yi magana. Ta nuna iskar da ke kwaso ƙura daga tudun sharar ma'adini zuwa cikin gari, da ƙarafunan kamfani da ke ƙarewa a hannun maƙera su zama tukwane da kayan gida. Abin da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana faɗa a takarda, fim ɗin ya ba shi fuska da murya.

Fim ɗin ya zagaya bukukuwan finafinai na ƙasashe da dama, ya kuma samu lambobin yabo. Amma shi ma da haɗin gwiwar masu shirya fim na Faransa da Benin aka yi shi. Tambayar da ya kamata kowane ɗan Arlit ya yi wa kansa ita ce: a cikin maƙwabtansa, mutum nawa suka taɓa kallon waɗannan finafinai biyu? A gidajen kallo da wayoyin garin, finafinan Kano da fassarar na Indiya ne ke ci. Ba laifi ba ne. Sai dai yana nufin an fi sanin labarin Arlit a zauren sinima na Turai fiye da Bukkoki.

Darasin Zalika Souley

Wanda ke zaton shahara a waje tana isa ta riƙe mai fasaha har tsufa, ya tuna da magabatan sinimar Nijar. Ƙasar nan tana cikin na farko a Afirka a wannan fage. Moustapha Alassane ya fitar da Le retour d'un aventurier a 1966. Oumarou Ganda, wanda ya fara a matsayin ɗan wasa a fim ɗin Jean Rouch, shi ne ya fara cin babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame.

Zalika Souley ta fito a waɗannan finafinai biyu, ana kuma lissafa ta cikin matan farko da suka ɗauki wasan fim sana'a a wannan nahiya. Da harkar fim ta durƙushe a shekarun 1980, ba ta da fansho, ba ta da wani kaso da ke shigo mata daga finafinan da ta yi. Fim ɗin Rahmatou Keïta mai suna Al'lèèssi ya nuna ta cikin ƙuncin rayuwa a Yamai, daga baya ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a 2021. Ma'aikacin mahaƙa, duk da ƙorafinsa na gaskiya, yana da takardar aiki da asusun ritaya da ƙungiyar ƙwadago. Mai jita da ƴar wasa ba su da ko ɗaya. Ranar da yatsa ya gaza ko murya ta dushe, shi ke nan.

Ƙafa biyu, duka suna ciwo

Mai fasaha a jahar Agadas da ƙafa biyu yake tafiya: bikin gida da rangadin waje. Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, duka biyun sun samu rauni a lokaci guda.

Ta gida ta fara. Sace ma'aikata da aka yi a Arlit a watan Satumban 2010, da harin 23 ga Mayun 2013 a kan Somaïr da barikin soja na Agadas, sun ƙarasa kashe yawon buɗe ido, wanda dā yake ba makaɗa aiki a lokacin sanyi. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin ƴan kwangila. Kowane albashi da ya tsaya, biki ne da aka rage masa armashi ko aka ɗaga. Zinariyar Jado da Cibarakaten, tun daga 2014, ta kawo sabon kuɗi da sababbin masu liƙi, amma kuɗi ne na sa'a, yau akwai gobe babu. Rufe iyakar Benin tun 2023 ya toshe hanyar da ƙarfen ke bi, ya kuma jefa Somaïr cikin matsalar kuɗi tun kafin a karɓe shi.

Ta waje kuma ta biyo baya. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riski Mdou Moctar da abokansa suna rangadi a Amurka, suka kasa komowa gida na wani lokaci, har masoya suka yi musu karo-karo. A zaman jiran ne suka ɗauki faifan Tears of Injustice. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a watan Satumban 2023 kuma wata takarda daga hukumominta ta umarci gidajen wasa da su dakatar da hulɗa da masu fasahar Nijar da Mali da Burkina Faso. Surutun da ya biyo baya ya sa magabatan Paris suka sassauta lafazi, amma ofishin jakadancin ya rufe a farkon 2024. Makaɗin da aka gayyata Faransa yanzu sai ya nemi biza ta wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki daga aljihunsa.

A 2024 cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke Yamai, mai sunan Jean Rouch, ta koma hannun ƙasa aka raɗa mata sunan Moustapha Alassane. A watan Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka aza tubalinta a Yamai a 1970, wadda kuma ke da asusun tallafa wa finafinai. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma da yawa daga cikin masu fasahar kansu sun yi maraba da su. Abin da ba a musu a kai shi ne, tsofaffin ƙofofi sun rufe, sababbin kuma ba a gama gina su ba.

Ba kowane baƙo ne maciyi ba

A nan ya kamata a yi adalci, domin kwatancin kiɗa da ƙarfe yana da iyaka. Yuraniyom idan aka haƙe shi ya tafi ke nan, sai rami da tudun shara, wanda a Akokan aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Waƙa kuwa ko an saurare ta a Tokyo tana nan a Arlit. Kuma baƙin da suka yi aiki da makaɗan nan ba su zo da soja ko yarjejeniyar sirri ba. Kirkley ya nemi mawaƙan da ya tsinci waƙoƙinsu ya biya su, abin da dubban masu kwafa na gida ba su yi ba. Ba don waɗannan abokan hulɗa ba, da watakila Mdou yana nan yana kiɗan biki, da Anou Malane ya ɓace tare da kaset.

Don haka matsalar ba fita waje ba ce. Fati Nijar ta bar Maraɗi ta je Kano ta yi suna a waƙoƙin fim, ba wanda ya ce an sace ta. Matsalar ita ce rashin zaɓi. Idan sitidiyo na waje ne, mai rarraba faifai na waje, mai rajistar haƙƙin mallaka na waje, mai ajiye tsofaffin faifai ma na waje, to ranar da biza ta tsaya, sana'a ta tsaya.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran kowa ba

Na farko, kuɗi. Dokar ma'adinai ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai ga ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa, ko da yake magadan gari sun daɗe suna kukan jinkirin biya. Ruwa da asibiti da makaranta ne kan gaba, ba mai jayayya. Amma ɗaki guda mai na'urar ɗaukar sauti da kwamfutar tace hoto a gidan matasa na Arlit, da ma'aikaci guda da ya iya aikin, bai kai kuɗin babbar mota ɗaya ta mahaƙa ba. Somaïr na ƙasa yana iya ɗaukar abin da Abdallah ya fara shi kaɗai.

Na biyu, haƙƙin mallaka. Ofishin BNDA yana nan don wannan aiki, amma makaɗan biki da yawa ba su taɓa rajistar waƙa ba, wasu ba su san amfanin yin haka ba. Tunda ta waya da katin memori kiɗa ke yawo, a can ya kamata a nemi haƙƙin mai shi. Burkina Faso tana karɓar wani ɗan kaso a kan na'urorin kwafa da ake shigo da su, ta hannun kwastan, ana raba wa masu fasaha. Maƙwabciya ce kuma abokiyar ƙawance, koyi da ita ba zai yi wuya ba.

Na uku, masu kallo. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan maganar ba ta tsaya a takarda ba, to a fassara finafinan Ganda da Alassane da Weira zuwa Hausa da Tamajaq da sauran harsunanmu, Télé Sahel da tashoshi masu zaman kansu su saya su nuna, su biya. Kano ta nuna cewa fim na harshen gida yana iya ciyar da dubban mutane ba tare da tallafin kowa ba. Kasuwar nan ta masu jin Hausa, daga Agadas zuwa Zariya, ita ce mafi kusa, kuma ba ta buƙatar biza. Bikin Abzin na Iferwan da taron makiyaya na Ingal da Bianou na Agadas su ma dandali ne, in za a riƙa biyan makaɗi kuɗin aikinsa a rubuce, ba abin da ya samu a liƙi kaɗai ba.

Na huɗu shi ne mafi wuya. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan tallafin ƙasa zai zo da sharaɗin yabo, za a samu waƙoƙin taro da yawa, amma ba za a samu wani Abdallah ba, domin shi kaset ɗinsa haramtacce ne a zamaninsa. Jiya kyamarar Amina Weira kamfanin Faransa take tambaya game da ƙura da ruwa da lafiyar tsofaffin ma'aikata. Tudun sharar bai gusa ba, iskar ba ta sauya hanya ba, mai mahaƙar ne kawai ya sauya. Gobe wata ƴar ma'aikaci za ta ɗauki kyamara ta yi wa sabon mai shi tambayoyin nan guda. Amsar da za ta samu, izinin ɗauka ko sammaci, ita za ta nuna ko abin da aka karɓo a watan Yunin 2025 na ƴan Arlit ne.